Daga Malumfashi zuwa Maban: yadda na je aikin mishan na 'yan watanni a Sudan ta Kudu

A ƙarshen daminar 2022 sanarwar ta iso ikilisiyarmu. Sakatare ya karanta ta bayan an ɗauki baiko, tsakanin sanarwar wani aure da ta gudummawar rufin ajin makarantar Lahadi: ana neman ungozoma mai lasisi da za ta riƙe ɗakin haihuwa na wani ƙaramin asibitin mishan a Sudan ta Kudu na 'yan watanni, domin wadda ke wurin za ta tafi hutun da ta daɗe ba ta samu ba. Ni ungozoma ce, na daɗe a aikin, yarana kuma sun tasa. Ba zan ce na ji murya daga sama ba. Aikin da hannuna ya sani na ji ana kwatantawa, na kuma san ba mu da yawa a yankinmu da za su iya barin gida na tsawon wannan lokaci.

Maigidana bai hana ba, sai dai ya ce in fara zuwa wurin Inna. Mahaifiyata tana ƙauyenmu a ƙasar Malumfashi, ita kuwa ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba.

"Ke 'yar nan, yaƙin da ke bakin ƙofarmu bai ishe ki ba, sai kin je nemo na wasu?"

Tana da gaskiya. Ƙanƙara, inda aka kwashe ɗaliban sakandare a Disambar 2020, maƙwabciyarmu ce, kuma matan da suka gudo daga ƙauyukan Faskari da ciki, da yawansu a hannuna suka sauka. Amsar da na ba ta ita ce wadda nake riƙe da ita har yau. A asibitinmu idan na tafi akwai masu riƙe aikina. A can kuwa, in ba a samu mai zuwa ba, ko a rufe ɗakin haihuwa, ko waccan baiwar Allah ta haƙura da hutu har ta faɗi. Na ce, "Inna, arona aka zo yi, ba kyauta ba." Ta ce Ubangiji ya kai ni ya dawo da ni, amma ba ta saki fuska ba har na fito.

Mutane suna zaton mai zuwa mishan addu'a kawai ake yi masa ya kama hanya. Takardu ne suka cinye watannin farko. Wasiƙar Baba Pasto da sa hannun dattawan ikilisiya, wasiƙar wurin aiki mai ba ni hutu ba albashi, shaidar cewa lasisina na ungozoma yana da rai, shaidar 'yan sanda cewa ba ni da laifi, gwajin lafiya, da alkawarin kare yara da na sa wa hannu. Akwai kuma wasiƙar amincewar miji. Na tambaya ko maza ma ana neman ta matansu, aka ce i, sai na yi shiru.

A ofishin mishan a Jos aka yi mini tambayoyi. Na shirya ayoyi, na shirya shaidar tubana, duk an saurara. Sai wani dattijo da ya yi shekaru a filin bishara ya ce, "'Yar'uwa, in kina kan karɓar haihuwa aka ce jirgi ya sauka ki fito yanzu, me za ki yi?" Na ce zan gama da matar tukuna. Ya girgiza kai. Ya ce in haka ne ba za su tura ni ba, domin jirgin da ya jira ni ya jefa matuƙinsa da sauran fasinjoji cikin haɗari, kuma in aka kama ni, mutanen garin ne za su sha wahalar nemana. Abin da suke so su ji shi ne zan miƙa matar ga wadda na koya wa aikin, in fita. Na amsa da baki, amma maganar ta tsaya mini a wuya.

Sai kuɗi. Ba a biyan mai zuwa na ɗan lokaci, shi ke tara kuɗin jirginsa da biza da inshora da abincinsa. Inshorar ta fi ba ni mamaki, domin irin wadda aka saba saya ba ta aiki a ƙasar da ake yaƙi, sai an nemi ta musamman wadda ta haɗa da ɗauke mutum da jirgi zuwa Nairobi in ya kwanta ciwo. Zumuntar mata ce ta ɗauki nauyi mafi girma. Sun sa zanen zumunta, suka zaga ikilisiyoyin yankinmu da waƙa, wasu suka kawo kwanon masara da waken soya aka sayar. A lokacin ne Babban Banki ya sanar da sauya takardun naira, baikon kuwa duk tsofaffin kuɗi ne, sai ma'ajiyar zumunta ta yi ta jigilar su zuwa banki kafin wa'adi ya cika. Dala ta haura naira 700 a kasuwar canji, don haka duk lissafin da muka yi da safe, da yamma ya tashi. A Wapa ta Kano maigidana ya yi canjin, an kuma gargaɗe mu cewa a Juba ba a karɓar dala tsohuwa ko mai lanƙwasa ko tabon biro. Ɗaya bayan ɗaya ya duba su a gaban mai canjin.

A nan zan faɗi abin da masu tara irin wannan kuɗi ba sa son a faɗa. Abin da aka kashe a kaina ya isa albashin ungozoma 'yar ƙasar na tsawon lokacin da ya ninka zamana. Don haka tafiya irin wannan ba ta da hujja sai in akwai gurbi na gaske da ba a samu mai cike shi a wurin ba, kuma mutanen wurin ne suka nema. Ayarin da ke zuwa na mako guda su yi fenti a bangon coci su ɗauki hoto da marayu, da sun aika da kuɗin jirgin ya fi amfani, domin masu fenti ba su ƙare a Sudan ta Kudu ba.

Allurar rigakafi kuwa na sha ta: shawara, wadda ba a shiga ƙasar sai da katinta, sanƙarau, ciwon hanta, taifot. Aka ba ni ƙwayar doksisaikilin ta kariya daga zazzaɓin cizon sauro, kullum ɗaya, a ci gaba har mako huɗu bayan an dawo. Mu 'yan Najeriya mukan ce jininmu ya saba da maleriya. Likitar mishan ta ce ko da hakan ne, a wurin da ungozoma ɗaya ce, kwanciyarta ta kwana uku rufe ɗakin haihuwa ne.

Horon da aka yi mana kafin tafiya, rabinsa tarihi ne rabinsa tsaro. A nan na san cewa Sudan Interior Mission, wadda samarinta uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas a 1893, wadda kuma daga aikinta ikilisiyoyin ECWA suka fito, ita ce ta kafa tasha a Doro ta ƙasar Maban, yankin da za a tura ni, gab da yaƙin duniya na biyu. A 1940 jiragen yaƙin Italiya suka jefa bam a tashar, likitan mishan da matarsa suka rasu. A 1964 gwamnatin soja ta Janar Abbud ta kori dukan 'yan mishan na waje daga kudancin Sudan, ikilisiya ta rage a hannun 'yan ƙasa, ba ta kuwa mutu ba, ƙaruwa ta yi. Malamin ya ce mu riƙe wannan shekarar da kyau kafin mu ɗauki kanmu da muhimmanci.

Darasin tsaro shi ne ya sa jikina ya yi sanyi. An ba ni takarda in rubuta tambayoyi waɗanda ni kaɗai da iyalina muka san amsarsu, domin in an sace ni a tabbatar ina raye. An rubuta tabon da ke jikina da rukunin jinina. An sa na rubuta wasiyya. An kuma kira maigidana aka karanta masa ƙa'idar cewa mishan ba ta biyan kuɗin fansa, ya sa hannu. Ga mutumin jihar Katsina wannan ba zancen littafi ba ne, mun san gidajen da aka sayar da gona aka karɓo mutum. Ya daɗe riƙe da biron kafin ya rubuta sunansa.

Bizar ta intanet na nema, da wasiƙar gayyata daga ikilisiyar can. A Janairun 2023 na tashi daga Abuja, na sauya jirgi a Adis Ababa, na sauka Juba. Dokar ƙasar ta ce baƙo ya yi rajista da hukumar shige da fice cikin kwana uku, wani ma'aikacin ofishinmu ya karɓi fasfona ya yi wannan, ya kuma shigar da takarduna na aikin ungozoma a ma'aikatar lafiya. Garin yana ta shirin karɓar Fafaroma Francis, wanda ya zo a farkon Fabrairu tare da Justin Welby, shugaban Cocin Anglika na lokacin, da shugaban Cocin Scotland. Abu na farko da aka ce mini a mota shi ne in mayar da wayata cikin jaka: ba a ɗaukar hoton filin jirgi, ko gada, ko soja, ko ginin gwamnati, an sha tsare mutane a kan haka.

Jami'in tsaron ofishin, ɗan ƙasar ne daga yankin Ikwatoriya, shi ya zaunar da ni a gaban taswira. Ya bi yaƙe-yaƙen da sauri kamar mai karanta jerin sunaye: na farko daga 1955 zuwa 1972, na biyu daga 1983 zuwa 2005, 'yancin kai ranar 9 ga Yulin 2011, sannan rikicin Shugaba Salva Kiir da tsohon mataimakinsa Riek Machar da ya ɓarke a Disambar 2013, ya ci rayuka kusan 400,000 kafin yarjejeniyar Satumbar 2018. Amma ya ce wannan duk na sani ne kawai, abin da ya shafe ni yana Maban. Ya ɗora yatsa a kusurwar arewa maso gabas, jihar Upper Nile, kusa da iyakar Sudan da Habasha. Sansanoni huɗu ne a wurin, Doro da Yusuf Batil da Gendrassa da Kaya, da mutum sama da 150,000, kuma ba 'yan Sudan ta Kudu ba ne. Mutanen jihar Blue Nile ta Sudan ne da suka tsallako tun Satumbar 2011, lokacin da faɗa ya tashi tsakanin sojan Khartoum da 'yan tawayen ƙungiyar SPLM ta Arewa. 'Yan gudun hijirar sun fi masu masaukinsu, ƙabilar Maban, yawa nesa ba kusa ba, don haka rigima a kan itace da kiwo da guraben aiki ba ta ƙarewa. A Agustan 2014 an kashe ma'aikatan agaji a yankin saboda ƙabilarsu. A Yulin 2018 matasan gari suka afka wa harabar ƙungiyoyin agaji a Bunj, babban garin Maban, suna cewa ba a ɗaukar su aiki, aka kwashe ɗaruruwan ma'aikata da jirgi.

Sai ya dube ni ya tambayi ƙabilata. Na ce Bahaushiya. Ya aje biro.

Na san akwai Hausawa a Sudan, kowa ya san labarin alhazan ƙafa da mutanen Mai Wurno da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903. Abin da ban haɗa da tafiyata ba shi ne faɗan da aka yi a Blue Nile a Yuli da Oktoban 2022 tsakanin Hausawan wurin da wasu ƙabilun yankin a kan ƙasa da sarauta, inda ɗaruruwa suka mutu a Rusayris da Wad al-Mahi da kewaye. Mutanen da zan yi wa aiki 'yan jihar ne, suna da dangi a can, suna jin labari ta waya. Ya ce ba ya so in yi ƙarya, amma in an tambaye ni in ce daga Najeriya nake, ikilisiya ce ta aiko ni, in tsaya nan. Wanda ya matsa, in gaya masa gaskiya, kada dai in yarda a ja ni cikin zancen wa ke da laifi.

Daga Juba ƙaramin jirgi ne, ana auna mutum da kayansa. Rabin nauyin da aka ba ni safar hannu ce da zaren ɗinki da ƙaramin injin jin bugun zuciyar jariri da zumunta ta saya. Filin saukar jar ƙasa ne. Da rani ake shigar da kaya ta mota, domin ƙasar baƙar laka ce, da ruwa ya sauka hanya ta mutu sai jirgi. Zafin Maris da Afrilu yana wuce digiri 40, amma wanda ya yi bazara a Katsina ba zai yi kuka ba. Abincin ma bai baƙunce ni ba: asida tuwon dawa ce, ga miyar kuɓewa busasshiya, ga kisra, siririyar wainar dawa mai ɗan tsami.

Ungozomar da na je canza ta yi mako guda tana miƙa mini aiki. A kwana na farko ta nuna mini jakar gudu da ke rataye a bakin ƙofa: fasfo, dala, ruwa, tocila, magani, takalmin da za a iya gudu da shi. Ta nuna mini ɗakin da ake ɓuya in harbi ya tashi, mai jarkokin ruwa da abincin gwangwani. Da magariba kowa yana cikin haraba, da safe da yamma ana kiran suna ta rediyon hannu, ba a taka wajen hanyar da mutane ke bi. Bayan wannan ne muka shiga ɗakin haihuwa.

Ma'aikatan da na tarar, mata ne 'yan Uduk, wata ƙabila daga Blue Nile, da 'yan Maban, wasu sun yi gajeren horo, wasu ungozomomin gargajiya ne da aka koya wa wanke hannu da gane alamun haɗari. Larabci ne harshen da ya haɗa kowa, ni kuwa ɗan abin da Hausa ta ba ni da lissafi kawai nake da shi, don haka da mai fassara nake aiki, wani lokaci biyu a jere. Kowace mai ciki ana gwada ta maleriya, a duba jininta, a auna dantsenta. Yara kuma da tef mai launi ake auna su, wanda dantsensa bai kai santimita 11.5 ba ya faɗa ja, sai a gwada ko zai iya cin ƙunshin Plumpy'Nut, abincin gyaɗa na yara masu tamowa, in ya kasa a kwantar da shi a fara da madarar magani ta F-75. Tun 2021 Hukumar Abinci ta Duniya ta rage rabon 'yan gudun hijira zuwa rabi saboda ƙarancin kuɗi, kuma ana ganin wannan a idon mata masu ciki, fari fat. Mace mai ƙarancin jini ba ta jure zubar da wata za ta jure, shi ya sa firjin sola da ake aje allurar oksitosin, mai tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ya zama abin da nake fara dubawa da asuba, kafin ma addu'ar safe.

Ba mu da ɗakin tiyata. Wadda ke bukatar a yi mata aiki sai babban asibitin gunduma a Bunj, kuma motarmu ba ta fita da dare sai da izinin jami'in tsaro, shi ma sai ya kira shingayen hanya. Wannan doka ta sauya yadda nake aikin gaba ɗaya. A gida nakan ba naƙuda lokaci. A Maban da la'asar nake zagaya ɗaki in yanke hukunci: wannan 'yar yarinyar mai cikin fari da kan ɗanta bai sauko ba, wannan mai tsohon ɗinki, wannan mai hawan jini da kumburin ƙafa, duk su tafi tun da sauran rana. Wasu sun je sun haihu lafiya ba tare da wuƙa ba, danginsu suka yi ta ƙorafin wahalar banza. Na gwammace ƙorafin.

Abin da na fi zuba ƙarfina a kai shi ne takardar bin naƙuda, wadda ake ɗiga buɗewar mahaifa a kanta awa bayan awa, da yadda ake haɗa allurar magnesiyam ga mai jijjiga, da yadda ake taimakon jaririn da bai yi kuka ba da jakar numfashi a minti na farko. Wata daga cikin ma'aikatan, dattijuwa 'yar Uduk da kowa ke kira Mama, ba ta karatu sosai, amma hannunta ya fi nawa sanin kwanciyar ɗa. Mutanenta sun gudu zuwa Habasha a 1987, suka yi shekaru a sansanin Bonga, suka koma gida bayan sulhun 2005, suka sake gudu a 2011, ita kuwa a duk waɗannan wurare ta karɓi haihuwa. Sai muka raba aiki: ita ta duba ta faɗa, ƙaramar ma'aikaciya ta ɗiga a takarda, ni in tsaya baya hannuna a rungume. Tsayawa bayan nan ta fi komai wuya, musamman in na ga zan fi su sauri. Amma baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, kuma duk haihuwar da na karɓa da hannuna, haihuwa ɗaya ce ke nan da ba su koyi kome a kanta ba.

Masu tambayata rai nawa na kawo ga Ubangiji, ga yadda abin yake. Ƙa'idar asibitin ita ce ba a haɗa magani da wa'azi. Matan ƙabilar Ingassana ta Blue Nile da ke zuwa yawancinsu Musulmi ne, haka matan Fulani makiyaya da ke shigowa yankin da rani, waɗanda wata daga cikinsu ta ji na yi magana da kaina da Hausa ta amsa mini, muka yi ta dariya. Wadda ta ce a yi mata addu'a a yi mata, wadda ba ta ce ba a duba ta kamar kowa. Addu'ar safe ma'aikata ne ke bi da ita da harsunansu. Ran Lahadi nakan je sujada a sansani, a ƙarƙashin rumfa, masu wa'azi suna nan da yawa, sun kuma san mutanensu. An ba ni dama na yi magana a taron mata, na karanta labarin Shifra da Fuwa, ungozomomin Ibraniyawa a Littafin Fitowa, na zauna. Baƙon da ya yi wa'azi ta bakin mai fassara ya ƙirga hannuwan da aka ɗaga ya kai rahoto gida, ban san abin da ya ƙirga ba, domin mutumin da ke jiran rabon dawa zai ɗaga hannu ga duk wanda ya sauko daga jirgi.

Roƙo kuwa kullum ne: kuɗin makaranta, waya, a kai ɗa Najeriya karatu. An hana mu ba da kyauta daga aljihu ko yin alkawari, sai ta hannun dattawan ikilisiya. Da farko na ga kamar rowa ce aka sa wa riga, amma a wurin da aka taɓa ƙona ofisoshi a kan wa aka ɗauka aiki, kyautar da aka yi wa mutum ɗaya a ɓoye ba ta ɓoyuwa.

Game da Hausancina, Mama ce ta fara tambaya, muna wanke kayan aiki. Na gaya mata. Ta yi shiru, sannan ta ce ba ta taɓa jin Bahaushe Kirista ba. Na ce muna nan, Littafi Mai Tsarki ma tun 1932 yake da Hausa. Washegari duk asibitin ya sani. Wani mai gadi da aka kashe masa ɗan'uwa a faɗan Blue Nile na 2022 ya daina amsa gaisuwata, ban matsa masa ba, shugabar asibiti ta mayar da shi aikin rana ba tare da ta yi surutu ba.

Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojan Janar Burhan da dakarun RSF na Hemeti. Cikin 'yan kwanaki mutane suka fara kwararowa ta iyakar Joda zuwa Renk, a jihar Upper Nile da muke ciki, farashin sukari da fulawa da man fetur ya tashi a kasuwar Bunj, domin daga arewa kayan ke zuwa. A gida kuma labari ya cika gari cewa ana kwaso ɗaliban Najeriya daga Sudan ta Masar, Inna ta hana kowa barci, sai da maigidana ya je da taswira ya nuna mata ƙasashen biyu ne daban.

Shugabar asibiti ta tara mu ta sake karanta tsarin ficewa. Matakai ne: na farko a rage zirga-zirga, na biyu a fitar da waɗanda aikinsu ba dole ba ne, na ƙarshe a kwashe duk wanda ba ɗan yankin ba. Ta karanta sunayen masu kujera a jirgi. Baƙi daga waje, sannan 'yan ƙasar da aka kawo daga wasu jihohi, waɗanda za a mayar Juba. Sunana yana ciki. Na Mama ba ya ciki, haka na mai fassarata, haka na duk wadda muke aiki tare a ɗakin haihuwa. Ba mugunta ba ce, suna da 'ya'ya da tsofaffi a sansani, ba inda za a kai su, su ma ba su sa rai ba. Abin da tsarin ya tanadar musu shi ne albashin gaba, da mabuɗin ɗakin magani, da rediyo. Suna zaune tare da mu aka karanta, ba wadda ta ɗaga kai.

A ranar na gane tambayar dattijon nan na Jos ba gwajin biyayya kaɗai ba ce. Daga nan na daina shiga haihuwa sai an kira ni. Muka rubuta adadin kowace allura da manyan lambobi muka manna a bango, da zane ga waɗanda ba sa karatu. Muka ƙirga magani, muka ware na wata guda a akwatin ƙarfe. Na sa ƙaramar ma'aikaciyar ta riƙa kiran asibitin Bunj da kanta har suka san muryarta. Ba a kai ga kwashe mu ba. Ungozomar da na canza ta dawo a kan lokaci duk da labarin da ta ji, na miƙa mata littafin rajista da jerin matan da ake sa ran haihuwarsu zai zo da matsala, na fita a Mayu, ruwan farko ya riga ya fara ɓata hanya.

A Juba an yi mini zaman bitar aiki, a Jos kuma aka haɗa ni da mai ba da shawara, ta tambaye ni barci da mafarki da saurin fushi. Ta ce kada in karɓi gayyatar magana a coci sai na huta, na kuwa ga amfanin haka, domin a makonnin farko ko ƙarar babur sai ta tayar da ni. Na gama ƙwayar maleriyata, na koma bakin aiki.

Rahoton da na kai wa ikilisiya kashi biyu ne. Na kuɗi na miƙa wa ma'ajiyar zumunta da rasiɗai, har da canjin da ya rage. Na baki kuma na yi shi ba hoto ko ɗaya na majiyyaci, abin da bai yi wa wasu daɗi ba, don sun so su ga yaran da suka rame. Baba Pasto ya tambaye ni a gaban jama'a ko zan koma. Na ce, "Baba, in sun sake nema, kuma Inna ta yarda." Sannan na roƙi dattawa cewa baikon mishan na shekara mai zuwa a aika da shi ta hannun ikilisiyar can, domin ƙaramar ma'aikaciyar nan ta shiga makarantar ungozoma a Juba. Sun ce za su zauna a kai bayan girbi.